Farashin Wata Shida a Bakin Kawu

A gidanmu ni ce auta, kuma ni aka sani da taurin kai. Ban taɓa musanta wannan ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce taurin kan nawa ba shi da dalili, domin shekarar da Yaya ya tashi jinginar da gidanmu na unguwar Biafra a Abidjan, ina da dalili, kuma har yau ban ga wanda ya kawo wanda ya fi shi ba.

Baba ne ya sayi gidan da guminsa na fataucin goro, shekaru bayan ya baro Maradi ya zauna a Abidjan. Irin gidajen yankinmu na Treichville ne: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ta kowa da kowa, faɗan 'yan haya a kan kuɗin ruwan famfo duk ƙarshen wata. Da Baba ya rasu ba a raba gado ba. Aka bar gidan yadda yake, Inna tana zaune a ɗakunan gaba, kuɗin haya shi ne cinta da shanta da maganin hawan jininta. Sunayenmu mu 'ya'ya duka suna kan takardar gidan, don haka babu mai iya taɓa shi sai kowa ya sa hannu.

Yaya shi ne babban wanmu. Yana da shago a kasuwar Adjamé, yana sayar da shadda da takalma da yake sarowa daga Kano da Legas. Mutum ne mai kyauta, mai fara'a, wanda idan wata dabara ta shiga kansa ba ya iya cin abinci sai ya faɗa wa wani. Ni kuwa lissafin kuɗi na karanta, ina aiki a wani kamfanin shigo da shinkafa kusa da tashar jiragen ruwa. Rabin aikina a lokacin shi ne zuwa banki in ƙulla farashin kuɗin waje tun kafin jirgi ya taso, don kada kaya su iso farashi ya canja mana.

Wata Lahadi bayan azahar muna cin atieke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi a ƙofar ɗakin Inna, sai Yaya ya ture kwanon gefe, ya goge hannu.

“Auta, écoute-moi bien, saurare ni da kyau. Ke da kika yi boko za ki gane. Na samo kuɗi a ƙasa, tsinta kawai za a yi.”

Ga yadda ya tsara abin. A nan Abidjan zai ranci sefa a banki, kuɗin ruwan da za a ɗora masa kaɗan ne. Ya canja su zuwa naira. Ya zuba nairar a asusunsa na Najeriya, inda banki ke ba mai ajiya kuɗin ruwa mai tsoka. Bayan wata shida ya kwaso ta da abin da ta haifa, ya mayar da ita sefa, ya biya bankin nan, abin da ya rage nasa ne. Bankin nan dai jingina yake so, kuma jinginar da ta kai girman abin da yake nema ita ce gidan.

Na ce, “Yaya, in naira ta faɗi kafin wata shidan fa?”

Ya yi murmushi, ashe tambayar da yake jira ke nan. “Na toshe wannan ƙofar. Kawu ya ba ni farashi tun yau. Ko naira ta hau ko ta sauka, a farashin da muka ƙulla zai karɓa ya ba ni sefa. Zéro risque, Auta. Babu kasada ko ta ƙwayar gero.”

Gaskiyar magana, abin ya burge ni. Abin da aka kwashe makonni ana koya mana a jami'a, Yaya ya gano shi da kansa a bayan kanta, tsakanin kwalayen takalma. Dabarar gaskiya ce, tana nan a littattafai. A ce ka ranci ɗari a nan za ka mayar da ɗari da biyar, a can kuma ɗarin nan za ta zama ɗari da ashirin. Idan tun yau ka san farashin da za ka komo da kuɗinka, to tun yau ka san ribarka, ba sai ka jira komai ba. Ba ka yi caca da kasuwa ba, ba ka sa ko sisi naka ba. Sai dai malaminmu bai taɓa barin mu mu tashi da wannan murnar ba. Yakan ce wanda zai sayar maka da farashin gaba shi ma ya iya lissafi. Ya san kuɗin da ake ba wa ruwa mai yawa, don ana tsoron faɗuwarsa ne ake ba shi. Saboda haka farashin wata shidan da zai ba ka zai zo da ragi daidai da bambancin nan, abin da ka ci a can ka amayar da shi a wurin canji. In an sami ɗan gibi, manyan bankuna sun cike shi kafin ka ɗaura takalmi.

Don haka tambayata ɗaya ce: wane farashi Kawu ya bayar? Yaya ya faɗa mini. Kusan farashin ranar ne, da ɗan ragi kaɗan na kunya.

Nan na san babu bankin da zai ba da wannan farashin.

Inna ba ta fahimci zagayen ba, abu ɗaya ta ji. “Kuɗin ruwa? Babanku har ya koma ga Allah bai ci kuɗin ruwa ba.” Yaya ya ce ai sau ɗaya ne, kuma zai fitar da sadaka, kuma zai sauya mata rufin gidan da ke yoyo duk damina. Da na so, da na laɓe a bayan maganar Inna, in ce haramun ne, a tashi. Da kowa ya girmama ni, da an ce Auta ta shiryu. Na ƙi. Wannan hukuncin na bar wa malamai, su suka san shi. Ni abin da na sani shi ne ko an wanke kuɗin nan da ruwan zamzam, tsarin yana da rami, kuma ramin a ƙarƙashin ɗakin Inna yake.

Washegari a wurin aiki na tambayi ma'aikacin bankin da muke hulɗa da shi, ko za su ƙulla mini farashin naira na wata shida. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ba sa yi, kuma da a ce suna yi, farashin da zai ba ni zai sa in gode masa in koma gida. Amsar da nake tsammani ke nan. Da aka tashi aiki na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Adjamé. Muka maƙale a cunkoson titin Indénié kamar kullum, yaron mota yana dukan ƙofa yana kiran fasinjan da babu wurin sa shi, ni kuma ina ta maimaita abin da zan faɗa wa Kawu ba tare da na yi rashin kunya ba.

Kawu ƙanen Inna ne, ciki ɗaya. Ɗan canji ne a kusa da tashar motocin da ke zuwa Legas da Yamai. Ba shi da ofis, benci ne da jaka da waya biyu, amma fatake na barin masa dukiyarsu su tafi wata guda ba takarda. Maganarsa ita ce jarinsa. Shi ya biya mini kuɗin rajista shekarar da Baba ya kwanta ciwo, kuma duk sallah har na girma yana ba ni barka da sallah kamar 'yar yaye.

“Ɗiyata! Mi ya kawo ki cikin hayaniyar ga?” Ya sa aka kawo mini bisap, wato zoɓo, mai sanyi.

Na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na ce, “Kawu, farashin da kuka ba Yaya, kun duba shi da kyau?”

“Na duba. Naira kullum ina bukatarta, mutanen Legas ba su ƙarewa. In ya kawo ta na karɓa.”

“In ta faɗi sosai fa? Ku za ku biya shi sefa a tsohon farashi, ku riƙe nairar da ba ta kai haka ba.”

Ya kaɗa hannu. “Tana motsi, tana komowa. Shekara nawa ina wanga aiki? Kuma ɗan yayata ne. In ban taimake shi ba, wa za ni taimaka?”

“Kawu, to in asarar ta fi ƙarfinku?”

Fuskarsa ta canja. “Na ba shi magana gaban mutane, bayan sallar Juma'a. Kin taɓa jin na saɓa magana?”

Ban taɓa ji ba, kuma na faɗa masa haka. Amma a hanyar komawa gida abin da ke cina ya fito fili. Ba gaskiyar Kawu nake shakka ba. Mu nake shakka, yadda muke. Tun ina ƙarama na ga yadda ake yi a cikinmu idan ciniki ya juya ya nemi karya bayan mutum. Ba a zuwa kotu, ba a kiran ɗan sanda. Dattawa ke zama bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma, a yi addu'a, sannan a ce a duba zumunci. Wanda yake da gaskiya a roƙe shi ya sassauta, a raba asarar, kowa ya tashi da rauninsa amma babu wanda aka binne. Na ga Baba ya zauna a irin wannan zama, wani lokaci shi ake roƙo, wani lokaci shi ke roƙo. Abu ne mai kyau, shi ya riƙe mu a garin da ba namu ba. Amma farashin gaba amfaninsa ɗaya ne tak: ya tsaya a ranar da tsayuwarsa za ta yi wa wani ciwo. Banki yana iya wannan, don banki ba ya zuwa sunan ɗanka. Alkawarin Kawu zai tsaya daram muddin naira ba ta motsa ba, wato lokacin da ba a bukatarsa. Ranar da aka bukace shi kuwa, dattawa za su shimfiɗa tabarma. Bankin da ya riƙe takardar gidanmu ba zai zo zaman ba.

Haka na faɗa wa Yaya, a gaban Inna, ban rage komai ba.

Ya miƙe tsaye. “Wato Kawu maƙaryaci ne?”

“Ban ce ba. Cewa na yi ranar da abin ya ɓaci, ba za ka iya karɓar kuɗin nan daga hannunsa ba.”

“Zan karɓa mana! Les affaires sont les affaires, ciniki ciniki ne.”

“Ba za ka iya ba, Yaya. Na san ka.”

“Ke kin fi kowa sani ke nan. An kai ki lakwal, kin yi karatu da kuɗin shagon nan, yau kin dawo kina koya mana ciniki.”

“Ban koya maka ciniki ba. Hannuna ne ba zan sa ba.”

Daga ranar gidan ya yi mini zafi. Yayyena mata biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Bouaké, duk sun aiko da yardarsu, suka bi ni da waya ɗaya bayan ɗaya. Ta Bouaké ta ce baƙin ciki nake yi wa ɗan'uwana. Ta Yamai ta ce wannan hali shi ya sa har yanzu ba a kawo goron tambayata ba, na ce mata in goron sai da gidan Inna zai zo, ya yi zamansa. Matar Kawu ta daina amsa gaisuwata a wurin biki. Har wani dattijon unguwa aka turo mini, ya zauna ya yi mini nasiha a kan girman wa, wai wa uba ne. Na durƙusa na saurare shi har ya gama, na yi masa godiya, na raka shi ƙofa. Da ya juyo ya ce, “To, za ki sa?” na ce, “A'a, Baba.” Ya tafi yana salati.

Wadda ta fi yi mini wuya ita ce Inna. Ita ba ta son kuɗin ruwan, amma ta fi ƙin ganin 'ya'yanta ba sa magana, kuma zancen ya taɓa ƙanenta. Wata safiya ina shirin fita aiki ta kira ni, tana zaune a kan dardumarta.

“Auta, ki sa masa hannun ga, a huta. In gidan ya tafi, Allah ya ba mu, shi ya karɓa.”

Na ji hawaye ya taho, na danne shi da fushi. “Inna, ku yafe mini. Duk abin da kuka ce in yi zan yi, ban da wannan. In gidan ya tafi, ina za ku kwana? A ɗakin surukarku?”

Ta dube ni. Ta ce, “Zuciyar ubanki gare ki.” Ban sani ba yabo ne ko zagi, ban kuma tsaya tambaya ba, na ɗauki jakata.

Yaya bai fasa ba. Da ya ga gida ya gagara, sai ya jinginar da shagonsa da kayan ciki a wata ƙaramar ma'aikatar ba da rance, ya sami abin da bai kai rabin wanda ya so ba, ya bi tsarinsa. Watannin farko naira ta zauna lafiya. Duk wanda ya gan ni sai ya yi mini dariya. Yaya yakan wuce ni a tsakar gida ya ce wa Inna da ƙarfi, don in ji, “Da an yi da gidan, da yanzu ana maganar bene.” Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na ji kunya, na ce ko dai na tozarta kaina a banza. Amma ko a ranakun nan, da an miƙo mini alƙalami da na mayar. Wanda ya tsallaka titin Indénié ido rufe ya kai lafiya, ya kai ne kawai.

Ana saura 'yan makonni wa'adin ya cika, naira ta faɗi. Ba irin motsin da Kawu ya saba gani ba, faɗuwa ce wadda fatake suka tsaya cirko-cirko a tasha suna duba waya, kowa yana tambayar kowa. Nairar Yaya ta haifi abin da aka ce za ta haifa, ba a rage masa ko kwabo ba. Sai dai uwar da 'yar duka, a farashin kasuwa, ba su kai sefar da ya ranta ba.

Saura alkawarin Kawu. In ya cika, Yaya ya biya rancensa har ya ci riba. Amma sefar da Kawu zai cika da ita ba tasa ba ce. Amanar fatake ce da ke cikin jakarsa.

A tsakar gidanmu aka yi zaman, don Inna ce babba. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, 'yan haya suka janye yaransu ɗaki. Mata ba sa zama a irin wannan, don haka na tsaya a bakin ƙofar Inna, bayan labule, kuma ban yi ƙoƙarin ɓoye ƙafafuna ba. Kawu ya rame a 'yan kwanakin nan har hularsa ta yi masa yawa. Shi ya fara magana, kuma bai nemi sassauci ba. Ya ce ya ba da magana, zai cika, a ba shi lokaci ya sayar da filinsa na Maradi da motar da ɗansa ke haya da ita, abin da ya rage ya nemi rance. Bai sunkuyar da kai ba.

Dattawa suka yi abin da na san za su yi. Suka yaba masa, sannan suka juya ga Yaya, suka ce a duba zumunci, a raba asarar biyu.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ina ganin bayansa daga inda nake. Na san lissafin da yake yi, don ni ma na yi shi: da rabin, wataƙila ya ceci shagon da ƙyar. Kawu kuwa ko rabin sai ya sayar da filin. Ya ɗaga kai ya dubi mutumin da ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa filin idi yana yaro.

“Kawu, ku bar filinku. Ku karɓi nairar a farashin yau. Na yafe sauran.”

Aka yi ta kabbara, ana sa masa albarka. Kawu ya rufe fuska da babbar rigarsa. Ni kuwa a bayan labule na ciji leɓe har ya yi jini. Ban taɓa son Yaya kamar a wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin haushinsa haka ba. Abin da na faɗa masa tun farko ke nan, cewa ba zai iya karɓar kuɗin daga hannun Kawu ba, ya kira ni marar kunya.

Shagon ya tafi. Hayar gidan da Yaya ke zaune a unguwar Saint-Michel ta gagare shi, sai Inna ta sallami ɗan hayar ɗakin ƙarshe, ta ce Yaya ya dawo da matarsa da yara. Babu wanda ya zo ya ce mini Auta kin yi gaskiya, kuma ban jira ba. Ta Bouaké ma cewa ta yi bakina ne ya kama shi. Dattijon nan ya sake dawowa, wannan karon wai in je in ba Yaya haƙuri, don zuciyarsa ta yi sanyi. Na ce zan dafa masa abinci, zan biya wa yaransa lakwal har ya miƙe, amma haƙurin laifin me? Ya sake tafiya yana salati.

Ranar da suka kwaso kaya, na dawo daga aiki na tarar da motar kayan a ƙofar gida. Yaya yana kokawa da katifa shi kaɗai, ta maƙale a ƙofar zaure, gumi ya jiƙe masa riga. Wata da watanni bai yi mini magana ba. Ya ɗago ya gan ni, ya tsaya.

“Tu es contente? Kin ji daɗi yanzu?”

“Ban ji daɗi ba, Yaya. Ko kaɗan.”

Ya kawar da kai. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Da da gidan ne, da ban san abin da zan ce wa Kawu ba.”

“Na sani. Da ka yafe masa duk da haka.”

Bai musa ba. Na ajiye jakata a kan dakali, na kama ɗaya gefen katifar.

“Kuma ko gobe ka kawo takardar nan, ba zan sa ba. Ɗaga naka ɓangaren, ta sama za ta shiga.”